Damin Gwaggo Ya Koma Lagdo

Tun da na dawo daga Kamaru ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta unguwar Klemat sai wani ya gyara zama ya ce, Malam, yaya dutse? Ban ga laifinsu ba. Mu mutanen Njamena, tudun da ya fi kowane tsawo a garinmu shi ne jujin bayan kasuwa. Na ba da labarin har ya fara girma da kansa, dorina ɗaya da na gani ta kusa zama garke. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi, kafin ni ma in fara yarda da ƙarin da nake yi.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, don albashin malamin tarihi da labarin ƙasa bai san wannan magana ba. Aikena aka yi. Gwaggo Hauwa, yayar mahaifina, ita ta aike ni, kuma ita ce kaɗai a duniya da har yanzu take aikena ba ta tambayi ko ina da lokaci ba.

Iyayenta sun taso daga ƙasar Kano da niyyar Makka a ƙafa. Suka yada zango a wani kwari na kogin Binuwai, gaba da Garwa, suka yi shekaru suna noma don haɗa guzuri, a can aka haife ta. Da za su ci gaba, masu masaukinsu suka ba su irin masakwa, dawar nan da ake dasawa a laka bayan ruwa ya janye, wadda a nan ake kira berbere. Makka dai ba a kai ba. Tafiya ta tsaya a Farlomi, kamar yadda Gwaggo ke kiran Njamena har gobe. Amma irin bai mutu ba. Gidanmu muna ce masa 'yar kwari, ƙwayarta rawaya, kuma kowace shekara ana dasa ta a wata 'yar fadama tamu bayan unguwar Habbena. Sai gari ya iso fadamar. Masu auna filaye suka zo suka kafa turakun siminti, bana kuma wani ya fara buga bulo a daidai inda muke yafa iri. Girbin da ya wuce shi ne na ƙarshe.

Da aka ba mu babban hutu na damina, Gwaggo ta kira ni. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mini, amma wannan bai taɓa hana ta yi mini faɗa ba. Ta nuna wani dami na zangarniya da aka rataye saman murhunta, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, don haka ake tsare iri daga ƙwari. Ta ce in mayar da shi inda ya fito kafin lokacin yafa iri ya wuce, in ba haka ba za a binne su tare, ita da 'yar kwari.

Na yi mata darasi, kamar yadda na saba yi wa 'yan aji. Na ce an datse kogin nan a wani wuri da ake kira Lagdo tun shekarun baya, kwarin da take tunawa yana ƙarƙashin tafki.

Ta ce, “Babana, ruwan ya ci mutanen?”

Na ce a'a, an tashe su.

“To wurin mutanen na aike ka.”

Sannan ta ba ni sharaɗi. Kada in ba wanda ba shi da laka. Kuma duk wanda na miƙa wa ya yi godiya, in karɓe abina. Ta ce iri ba a gode masa; wanda ya san shi karɓa yake ya tafi neman wurin yafawa, mai godiya kuwa ci zai yi. Na bincika littattafaina, ban sami wannan doka ba. Na cusa damin a buhu na ɗaure.

Iyaka ba nisa, gadar Ngeli ce kawai tsakaninmu da Kusuri, amma na taɓa ganin mutum ya tsufa a kanta. Ɗan duwan ɗin Kamaru, wato ma'aikacin kwastan, wani ƙato daga kudancin ƙasarsu, ya dubi kwat ɗina, ya dubi buhun, ya ga ba su dace ba. Ya zura hannu ya fiddo shi baƙi har gwiwar hannu. Na shirya jawabi mai tsawo da Faransanci irin na jarrabawa, amma mutumin sai ya kai hannun hanci ya shinshina. Ya ce uwarsa haka take rataye masara a saman wuta, rabonsa da jin wannan ƙamshi tun da aka kawo shi arewa. Ya ɗaure mini buhun da kansa, ɗauri mai kyau, ya bar sawun yatsunsa a takardata.

Daga Kusuri motoci ba sa tafiya ɗai-ɗai a shekarun nan, saboda 'yan fashin daji. Sai an taru an yi ayari, sojoji gaba, sannan a tashi. Kowa ya ɓoye abin da yake tsoro a kai: mata suka kwance 'yan kunne, wani falke ya cire agogo ya sa a takalmi. Ni kuwa na rungume buhun dawa. Da 'yan fashi sun fito, da sun ɗauka zinariya ce a ciki, su kashe ni a banza. Abokan gabana na gaske suna ƙarƙashin kujera, kajin wata mata da ta zauna kusa da ni. Sun gano abin da ke buhun tun kafin mu bar gari. Wajen Waza mutane suka yi ta nuna raƙumin dawa a gefen hanya, ni ina faɗa da zakara, wuyansa kawai na gani, na raƙumin nake nufi.

A Mora na fara ganin dutse. Shekara da shekaru ina zana shi a allo da alli, alwatika uku a jere, ina ba yara maki a kansa. Ashe ba ya kama da alwatika. Tulin manyan duwatsu ne masu santsi, wani kan wani, kamar an ajiye su za a dawo, ga gonakin gero an sassaƙa hawa-hawa har sama, ga mata na hawa da tulu a ka suna hira. Na yi ta leƙe ta tagar mota har Marwa.

Marwa gari ne mai inuwa, ga babura na haya kamar ƙudan zuma. Fillanci ne harshen kasuwa, yadda Larabci yake a wurinmu, har Bahaushen da na tambaya hanya da Fillanci ya fara amsa mini. Miyar yakuwa da gyaɗa tasu ta fi tamu, na faɗa na kuma maimaita, duk da matata ta ji. Shayinsu kuwa ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fitilar masaukina: na kunna ta kama, na kashe na sake kunnawa ta sake kamawa. Mai masaukin ya ce wutar daga Lagdo take. Na riƙe wannan a raina, don na taho da niyyar jin haushin dam ɗin nan.

A Garwa na sauka gidan Alhaji Bawa, abokin mahaifina, mai sayar da atamfa. A nan aka yi ɓarna, kuma ladabi ne ya yi ta. A ƙa'idarmu baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi daga isowa, mai gida kuma ba ya tambaya, sai an huta an ci an sha. A ƙa'idar gidan Alhaji kuma, wadda ita ma tamu ce, duk abin ci da ya shigo tare da baƙo tsaraba ne. Aka kai akwatina ɗakin baƙi, aka shiga da buhu cikin gida. Ni na ɗauka an kai shi inda ɓera ba zai same shi ba.

Da safe Alhaji ya zaga da ni gari, ya nuna mini gadar Binuwai da tsohuwar tashar jiragen ruwa. Da azahar muka dawo aka kawo tuwo, rawaya, mai laushi, da miyar kuka. Na kai loma na ji kamar ina gidanmu. Na ce wa Alhaji ban san ana samun irin wannan dawa a Garwa ba. Sai muryar uwargidansa, Hajiya Laraba, ta fito daga bayan labule, cike da jin daɗi:

“Ai tsarabarka ce, Malam. Sai dai datti, wallahi sai da muka yi mata wanki uku.”

Lomar tana bakina. Ban san ko in haɗiye ba, ko in tofar in shuka. Na haɗiye. Sannan na ba su labarin Gwaggo tun daga farko. Alhaji ya tsame hannu daga kwano. Hajiya ta yi salati, ta ce da na faɗa, na ce da an tambaya, muka ga duka ba mu da laifi, wanda hakan ya fi ciwo. Can ta ce akwai waɗansu zangarniyoyi da suka yi baƙi da yawa, ta ga ba za su wanku ba, ta jefa wa kaji a bayan ɗaki.

Ban taɓa shiga cikin gidan wani ba sallama ba sai ran nan. Alhaji da babbar riga, ni da lema, muka far wa kajin. Abin da muka ƙwato bai cika hannu biyu ba, wasu ma an tsattsage gefensu. Hajiya ta naɗe su a sabon ɗankwalinta ta ba ni, tana ta ba da haƙuri. Muka koma muka cinye tuwon, don zubar da shi ba zai mayar da shi iri ba.

Washegari na kama motar Lagdo, ɗankwalin Hajiya a cikin rigata. Hanya ta ratsa gonakin auduga, sannan ta fara hawa. Dam ɗin kansa bai kai yadda na zata ba. Duwatsu biyu ne suka matso kusa da juna, kogi na bi ta tsakaninsu, mutum ya zo ya toshe ƙofar. Sinawa ne suka yi aikin. Soja ya hana ɗaukar hoto, abin da bai dame ni ba tunda ba ni da abin ɗauka. Amma da na juya na dubi bayan dam ɗin, haushin da na ɗauko tun daga unguwarmu ta Kabalaye ya rasa inda zai zauna. Ruwa ne shuɗi har iyakar gani, kawunan duwatsu sun fito daga cikinsa kore shar da damina, kowane da gajimarensa da inuwarsa a ruwa. Tafkin Cadi namu ruwa ne da ya kwanta a faranti. Wannan kuwa a ƙwarya yake. Na tsaya ina kallo har sojan ya zo ya tambaye ni ko lafiya.

Bakin tafkin kasuwar kifi ce, ga Musgum, ga Kotoko, ga Hausawa, ga mutanen Mali ma, duk kifi ya kira su. Aka haɗa ni da wani dillalin bandar kifi, Bahaushe mai fara'a, wanda aka ce ya san kowa. Ya saukar da ni, ya sa aka gasa mini karfasa mai faɗin littafin taswira. Da ya ji labarina har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce yana da gona, in kawo. Na kwance ɗankwali na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya fara godiya, ya gode mini, ya gode wa Gwaggo, ya gode wa iyayenta, ya ce zai sa a yi wa yara kunu da shi don albarka. Na tambayi gonar, ya ce tana kan tudu, jigawa ce mai kyau. Karɓe kyauta daga hannun mutumin da kifinsa ke cikinka aiki ne da ba a koyarwa a makarantar horon malamai. Na gaya masa sharaɗin tsohuwa kai tsaye. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya mayar mini, ya ce in je wurin Hammadu.

Hammadu tsohon mai gadin daji ne da ya yi ritaya ya sayi kwalekwale mai inji. A kwarin aka haife shi. Ya ce mutanen da nake nema sun koma can ƙarshen tafki, inda kogi ke shigowa, kuma tafiyar yini ce. Washegari da asuba muka tashi, muna tafe yana nuna mini ruwa da baki, yana cewa nan kasuwa ce, nan fadamar masakwa, nan tsamiyar da ake hutawa, ni kuwa ina ta gyaɗa wa ruwa kai.

Daga bakinsa na ji tarihin tsaron wurin. Ya ce tun kafin Turawa, mutanen duwatsun nan suna da kurmin da ba a sa masa gatari, kowa ya san dalili, ba a rubuta ba. Turawa suka zo suka shata gandun daji can sama da kogi, suka hana farauta ga kowa sai su. Bayan 'yancin kai aka gaji gandun, aka ba irinsu Hammadu kaki da keke. Da maganar dam ta zo aka rabu biyu, masu son wuta da masu kukan fadama, kuma a cewarsa masu kukan fadama ba su da wanda ya iya Faransanci. Na ce masa na karanta cewa a Amurka ma an taɓa datse wani kwari mai kyau don a ba birni ruwan sha, har yau jikokin masu gardamar ba su daina ba. Ya ce to su sun ƙoshi ne.

Abin da ya fi ba shi wahala a aikinsa, in ji shi, masu banda ne. Kifi na son hayaƙi, hayaƙi na son itace, cikin 'yan shekaru duwatsun bakin kasuwa suka zama kamar kan jariri ranar suna. Ya kama mutane har ya gaji, ya ga kamu ba ya tsirar da bishiya. Sai ya bi shugabannin masunta ɗaya-ɗaya, kowace ƙabila da nata, har aka yarda a bar tsibiran tsakiya, ba sara, ba kwana, ba jefa taru a lungunan da kifi ke ƙwai. Ba kowa ke bi ba, amma bambancin a fili yake. Muka ratsa gefen wani tsibiri, bishiyoyi sun sunkuyo har ruwa, tsuntsaye fari fat a kansu, birai na kallonmu kamar mu ne abin kallo. A nan dorinar ta ɗago kai. Ɗaya ce, na rantse, kuma ta ishe ni. Hammadu ya ce ita ce ma'aikaciyar da ta fi shi tsare tsibirin.

Na tambaye shi ko yana jin haushin tafkin. Ya ce kabarin ubansa na ƙasa, abincin 'ya'yansa na sama, yaya zai yi. Ya ƙara da cewa kwarin ya fi kyau a da, amma a da ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle shi, kowa na duƙe yana dashe.

Da la'asar muka isa. A can tafkin ba shi da zurfi, kuma idan rani ya yi yakan ja baya ya bar baƙar laka mai faɗi. Hammadu ya kai ni gidan wata tsohuwa da ake kira Dada Asta, wadda aka ce ta fi kowa daɗewa a duniya a ƙauyen. Muka same ta tana tsinke yakuwa. Hammadu ya yi bayani da Fillanci. Ba ta tuna da wasu mahajjata ba, ta ce masu wucewa suna da yawa a lokacin. Na kwance ɗankwalin na ajiye a gabanta.

Ta ɗauki zangarniya ɗaya ta goge da bakin zane, ta ɓantari ƙwaya ta sa a haƙoran da suka rage mata. Ta kira sunanta da Fillanci, sunan da ban taɓa ji ba. Hammadu ya ce tun shekarar da ruwa ya hau ba su sake ganin wannan iri ba, don an tashe su kan tudu, kafin su gano lakar nan wanda suka ajiye ya mutu a tukunya. Na jira. Tsohuwar ta juya zangarniyar, ta ga inda kaji suka tsattsaga, ta ɗago ta zuba mini magana mai tsawo. Na tambayi Hammadu me ta ce.

“Ta ce wane sakarai ne ya bar kaji suka taɓa iri. Kuma ta ce ka kusa makara.”

Ta tashi, ta ƙwala wa surukarta kira ta kawo fartanya, ta nufi wurin yafa iri da ɗankwalin Hajiya Laraba da komai. Ko sallama ba ta yi mini ba. Ban taɓa jin daɗin rashin kunya irin na ran nan ba.

Da na dawo, ban sauka gidana na Kabalaye ba, gidan Gwaggo na wuce. Na ba ta labarin dutse, ba ta kula ba. Na ba ta labarin tafki da tsibirai, ta ce ruwa ai ruwa ne. Labarin tuwon Garwa na so in tsallake, amma ta ga ina kewaye-kewaye ta tsare ni, na faɗa. Ta tambaya ko ya yi daɗi, na ce ya yi, ta ce dole. Sannan ta yi tambayar da ta dame ta.

“Wadda ka ba, ta yi godiya?”

“Sakarai ta ce mini, Gwaggo.”

Ta koma ta jingina da bango. Can ta kira matata, wadda na tarar a gidan, ta ce ta hau turmi ta duba bayan azara, saman murhu. Matata ta zaro wani dami, baƙi ƙirin, ya fi wanda na yi ta runguma girma. Na ce, Gwaggo, ashe akwai saura, kika bar ni ina kokawa da kaji a ƙasar mutane? Ta ce ita ba ta haukace ba da za ta ba ɗan boko iri duka.

Matata ta tambaya ko a mayar da shi wurinsa.

Gwaggo ta ce, “A'a. Ku wanke, ku surfa. Gobe a yi mana tuwo.”